Matsayin Kumburi da Garkuwar Jiki a Cikin Amosanin Gaɓɓai na Zaizayar Guringuntsi

Gabatarwa

Shekara da shekaru ana koya wa ɗaliban likitanci cewa manyan amosanin gaɓɓai iri biyu ne. Na farko shi ne wanda garkuwar jikin mutum take juyowa ta afka wa gaɓoɓinsa, watau amosanin rumatoyid, kamar yadda Alfred Garrod ya raɗa masa suna a Landan cikin shekarar 1859. Na biyu kuwa shi ne wanda guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi yake zaizayewa sannu a hankali, har ƙashi ya riƙa gugar ɗan'uwansa. Wannan na biyun shi ne likitoci suke kira ostiyo'atiraitis, mu kuma a cikin wannan takarda za mu kira shi amosanin zaizaya. An daɗe ana ɗaukarsa a kan tsufa ne kawai da yawan aiki, kamar yadda dutsen niƙa yake cinyewa idan an daɗe ana niƙa a kansa. Bisa ga wannan fahimta babu ruwan garkuwar jiki da shi, kuma babu abin da likita zai yi sai rage zafi, sai kuma jiran ranar da za a sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba.

Ba ƙaramar cuta ba ce. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 595 ne suke fama da ita a duniya cikin shekarar 2020, kuma ta fi kama gwiwa da yatsun hannu da kwatangwalo. Nufinmu a nan shi ne mu nuna cewa misalin dutsen niƙa bai cika ba, domin dutse matacce ne, ita kuwa gaɓa rayayya ce, tana mai da martani ga abin da ya same ta. Lalle akwai kumburi a cikin wannan cuta. Amma kumburin ya sha bamban da na rumatoyid, kuma rashin lura da wannan bambanci ya jawo an yi shekaru ana gwada magungunan da ba su haifar da ɗa mai ido ba.

Game da kalmar kumburi

Tilas ne mu ɗan tsaya a kan kalmar, domin a Hausar yau da kullum kumburi shi ne wuri ya tashi. A ilmin likitanci kuwa abin ya fi haka faɗi. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya marubucin nan na Rum, Celsus, ya ambaci alamu huɗu, watau ja da tashi da ɗumi da raɗaɗi, daga baya aka ƙara ta biyar, ita ce gaɓa ta kasa aikinta. Masana na yanzu sun ƙara faɗaɗa ma'anar, har ta haɗa da duk wani yunƙuri da ƙwayoyin garkuwa da sinadaransu suke yi a wurin da aka sami rauni, ko da ido bai ga komai ba. Da wannan ma'ana ta ƙarshe za mu yi amfani.

Su kansu likitocin Turai sun yi ta kai-kawo a kan sunan cutar. Ɗafa-ƙeyar nan -itis da ke ƙarshen sunan tana nufin kumburi, saboda haka waɗanda suke ganin babu kumburi a ciki suka musanya ta da -osis, mai nufin lalacewa kawai, kuma har gobe sunan da aka fi sani a Faransa da Jamus a kan wannan ra'ayi aka gina shi. Mu ma a nan mutane da yawa sanyin ƙashi suke cewa, alhali kuwa idan aka ɗora hannu a kan gwiwar da ta tashi, sau da yawa ɗumi za a ji.

Guringuntsi ba ya jin zafi

Guringuntsin gwiwa kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Mafi yawansa ruwa ne, kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, kuma abubuwa biyu ne suke riƙe da wannan ruwa: zaren kolajin wanda yake kamar raga, da wani sinadari mai suna agirikan wanda yake tsotsar ruwa kamar soso. 'Yan ƙwayoyin halitta kaɗan ne a warwatse a ciki suke kula da wannan gini. Babu hanyar jini a cikinsa, babu kuma jijiyar da take ɗaukar saƙon zafi. Saboda rashin jini ne ba ya warkewa yadda fata ko ƙashi suke warkewa, abin da William Hunter ya riga ya lura da shi tun 1743.

Abin lura a nan shi ne, tunda guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, to, zafin da mai ciwo yake ji daga wani wuri yake fitowa. Wuraren da suke da irin wannan jijiya su ne ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi, da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa, da kuma wani siririn tantani da ya shimfiɗu a cikin gaɓar yana fitar da ruwa mai yauƙi don rage guga. Shi za mu kira tantanin gaɓa. Wannan ne ya sa hoton ƙashi yake yawan saɓa wa kukan mai ciwo. Ma'aunin da Kellgren da Lawrence suka tsara a Mancasta cikin 1957, wanda yake kasa lalacewar gaɓa daga mataki na 0 zuwa na 4, har yanzu da shi ake aiki, amma kowane likitan ƙashi ya san mutumin da hotonsa ya yi muni yana kuwa zuwa gonarsa, ya kuma san wanda hotonsa bai nuna wani abin kirki ba amma zaman tahiya ya gagare shi.

Yadda aka gano kumburin

Dalilin da ya sa aka daɗe ana musun kumburin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka zuƙo ruwan gaɓa da sirinji aka ƙirga fararen ƙwayoyin jini, a amosanin zaizaya yawanci ba su kai 2,000 a kowace maikirolita ba, a rumatoyid kuwa sukan haura haka nesa, har su kai dubu goma-goma. Littattafai suka ɗauki wannan adadi suka yi iyaka da shi, duk abin da bai kai ba aka ce ba na kumburi ba ne.

Abin da ya fara girgiza wannan iyaka daga ɗakin gwaji ya fito. Cikin 1977 Honor Fell da abokin aikinta Jubb, a ɗakin binciken Strangeways da ke Kambirij, suka ajiye guntun guringuntsin alade tare da guntun tantanin gaɓa a cikin kwanon reno guda. Guringuntsin ya lalace, ko da ba su taɓa juna ba. Da suka maimaita gwajin da guringuntsin da aka kashe ƙwayoyinsa, sai ba a ga irin wannan ɓarna daga nesa ba. Ke nan tantanin yana aika wani saƙo ne, su kuma ƙwayoyin guringuntsi masu rai su karɓa su rushe gidansu da hannunsu. John Dingle da Jeremy Saklatvala suka bi sawun saƙon suka kira shi katabolin, daga baya aka tabbatar shi ne sinadarin da ake kira intalukin-1, ko IL-1 a taƙaice. Shi da TNF da IL-6 duk 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu saitokin, watau sinadarai 'yan aike tsakanin ƙwayoyin jiki.

Sai shaida ta fara zuwa daga jikin mutane. Cikin 1997 Tim Spector da abokansa suka duba matan unguwar Chingford a Landan, suka ga sinadarin CRP, wanda hanta take fitarwa idan akwai kumburi, ya ɗan ɗaga a jinin masu sabon amosanin gwiwa, kuma waɗanda nasu ya fi ɗagawa su ne cutarsu ta fi ci gaba bayan shekaru. A binciken da aka buga cikin 2005 Xavier Ayral na Faris da abokan aikinsa suka leƙa cikin gwiwoyi da madubin tiyata, suka sake leƙawa bayan shekara guda, suka tarar guringuntsi ya fi lalacewa a gwiwoyin da tantaninsu ya riga ya kumbura tun farko. Na'urar hoton maganaɗisu da ta duban-dan-tayi su ma sun nuna kumburin tantani abu ne da ake yawan samu, kuma yana tafiya tare da zafi.

Wace garkuwa ce take aiki?

Garkuwar jiki sashe biyu ce. Akwai mai koyo, wadda take haddace kamannin abokin gaba ta ƙera masa makami na musamman. Ita ce allurar rigakafi take horarwa, kuma ita ce take ɓata hanya a rumatoyid har ta ɗauki gaɓar mutum a kan baƙo. Akwai kuma ta asali, wadda aka haifi mutum da ita, ba ta koyo, ba ta jira. Manyan dakarunta su ne makurofaj, watau ƙwayoyi masu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta, irin waɗanda Elie Metchnikoff ya fara bayyana aikinsu cikin 1882. A tantanin gaɓar mai amosanin zaizaya su ne suka fi yawa cikin ƙwayoyin garkuwa.

To, me yake tayar da su alhali babu ƙwayar cuta a cikin gaɓar? Amsar ta samo asali ne daga ra'ayin da Polly Matzinger ta kawo cikin 1994, cewa garkuwa tana amsa alamar ɓarna ko daga ina ta fito, ko da daga jikin mutum ne kansa. Idan guringuntsi ya sami rauni, ɓarɓashinsa yana zuba cikin ruwan gaɓa: guntayen faiburonektin, da guntayen sinadarin da yake ba ruwan yauƙinsa, da abubuwan da matattun ƙwayoyi suke saki, har da ƙananan duwatsun kalsiyam. Makurofaj suna da wasu kafofi a jikinsu da suke gane ƙwayoyin cuta, kuma waɗannan kafofi su ne dai suke kama wannan ɓarɓashi. Da zarar sun kama sai su saki saitokin. Saitokin ya isa ga ƙwayoyin guringuntsi, su rage ƙera sabon kolajin, su shiga fitar da sinadarai masu yanka. Biyu daga ciki sun fi shahara: MMP-13 mai yanka kolajin, da ADAMTS-5 mai yanka agirikan, wanda aka nuna cikin 2005 cewa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadonsa guringuntsinsu ya fi jure wa rauni. Yankan ya haifar da sabon ɓarɓashi, ɓarɓashin ya sake tayar da makurofaj, haka abin zai yi ta zagayawa, ba da ƙarfi ba, amma shekara bayan shekara. Cikin 2011 ƙungiyar William Robinson a Jami'ar Stanford ta ƙara nuna cewa jerin sinadaran jini da ake kira kompilimen, waɗanda aikinsu huda ƙwayoyin cuta, su ma suna cikin wannan ɓarna, domin ɓerayen da ba su da wasu daga cikinsu sun fi samun sauƙi.

Kada a ɗauka wannan ya kore maganar nauyi da guga. Kimanin rabin waɗanda jijiyar tsakiyar gwiwarsu ta tsinke, irin raunin da ya addabi 'yan ƙwallon ƙafa, sukan kamu da cutar cikin shekara 10 zuwa 20. Tonia Vincent ta Jami'ar Oksfod ma tana ganin matsi da rauni su kansu suna kunna hanyoyin kumburi a cikin ƙwayar guringuntsi kai tsaye, ba sai makurofaj ya aiko da saƙo ba. Mu dai a ganinmu gardamar ko nauyi ne ko kumburi ta daina amfani, domin nauyin shi ne yake kunna kumburin.

Akwai kuma wata hujja da muke ganin ta fi sauran sauƙin fahimta. An san ƙiba tana kawo amosanin gwiwa, kuma kowa zai ce ai nauyi ne. Amma masu ƙiba sun fi kamuwa da amosanin yatsun hannu ma, alhali ba wanda yake tafiya a kan yatsunsa. Tun da Jeffrey Friedman ya gano leftin cikin 1994 aka fahimci kitse ba rumbun ajiya ba ne kawai, yana fitar da sinadarai cikin jini, wasunsu masu rura kumburi ne. Har a cikin gwiwar kanta akwai wani curin kitse a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa da yake fitar da irinsu.

Abin da gwajin magunguna ya nuna

A nan ne maganar ta yi tsauri. Cikin 1992 Marc Feldmann da Ravinder Maini suka fara gwada maganin toshe TNF a kan masu rumatoyid a Landan, kuma nasarar da aka samu ta sauya rayuwar masu wannan cuta. Da aka ga sinadaran nan a gaɓar masu amosanin zaizaya, sai aka yi zaton abin da ya yi Goma shi zai yi Sha Ɗaya. Bai yi ba. An zuba anakinira, mai toshe IL-1, a cikin gwiwa, sakamakon da aka buga cikin 2009 bai nuna ya fi ruwan gishiri ba. An gwada adalimumab da etanasef, masu toshe TNF, a kan amosanin yatsu, ba su rage zafi yadda aka sa rai ba. Haidurosikulorokwin, ɗan'uwan maganin zazzaɓin nan da muka sani, ya faɗi a gwajin Ingila na 2018, tosilizumab mai toshe hanyar IL-6 shi ma ya faɗi a Faransa cikin 2021. Ko a ɓeraye, cire ƙwayar gadon IL-1 bai ba da amsa guda ba, a wani gwajin an sami sauƙi, a wani kuma cutar ta fi sauri.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce masu -osis sun yi gaskiya. Amma ga wani abin mamaki da ya ɓullo ta inda ba a zata ba. An yi wani babban gwaji mai suna CANTOS a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu yake sama, ana yi musu allurar kanakinumab, mai toshe IL-1, duk wata uku. Zuciya ake nema, ba gaɓa ba. Da aka koma kan bayanan cikin 2020, sai aka ga waɗanda suka sami maganin sun yi ƙasa da sauran da kimanin kashi 40 cikin ɗari wajen yawan tiyatar sauya gwiwa ko kwatangwalo. Cikin 2023 aka sami makamancin haka, ko da yake bai kai shi ba, a gwajin kolcisin na masu ciwon zuciya su 5,522, alhali kolcisin ɗin nan bai rage zafi ba a gajerun gwaje-gwajen da aka shirya musamman don amosanin zaizaya. Wajibi ne a yi hattara da waɗannan alƙaluma, domin ba don wannan tambaya aka tsara gwajin ba, kuma mafi yawan mahalartansa maza ne, alhali cutar ta fi kama mata.

Duk da haka, idan aka jera gwaje-gwajen za a ga wani zare. CANTOS ya zaɓi mutanen da aka tabbatar akwai kumburi a jininsu, ya bi su fiye da shekara uku. Yawancin waɗanda suka faɗi gajeru ne, zafi suke aunawa cikin 'yan makonni ko watanni, a kan mutanen da gaɓarsu ta riga ta yi nisa. Gwajin Holan na 2019 ya ɗauki mutum 92 da amosanin yatsunsu ya tashi kuma aka ga kumburin da na'ura, ya ba su firednisolon miligiram 10 kullum har mako shida, zafi ya ragu sosai, da aka janye maganin kuma ya dawo. Gwajin Ostireliya na 2023 ya ba mutanen da hoto ya nuna kumburin tantani a hannunsu metotireksat na wata shida, aka sami sauƙi matsakaici. Abin da muka fahimta shi ne, sunan nan guda ya tattara cututtuka da yawa: na matashin da ya ji rauni a fili, da na mai ƙiba da ciwon sukari, da na tsohuwar da yatsunta suka karkace. Rabon kumburi a cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma ko a mutum guda yakan tashi ya kwanta. Wanda ya zuba su duka a gwaji ɗaya, ya ba su magani ɗaya, amfanin da 'yan kaɗan suka samu zai nutse a cikin taron.

Kashe zafi da kare gaɓa

Saura mu taɓo abin da ya shafi ɗakin duba marasa lafiya. Tun 1951, lokacin da Joseph Hollander ya fara zuba haidurokotizon a cikin gaɓa a Filadelfiya, wannan allura ta zama abin dogaro, kuma lalle tana kwantar da gwiwar da ta tashi na 'yan makonni. Mai bin maganarmu zai iya cewa, tunda kumburi yana cin guringuntsi, to, a riƙa yin ta a kai a kai don a kare shi. Timothy McAlindon da abokansa a Bostan sun gwada wannan tunani daidai. Sun ɗauki mutum 140 da aka ga kumburin tantani a gwiwarsu, rabi ana yi musu allurar tirayamsinolon duk mako 12 har shekara biyu, rabi ruwan gishiri. Sakamakon 2017 ya nuna zafin bai bambanta ba, guringuntsin masu maganin kuwa ya ragu da milimita 0.21, na masu ruwan gishiri da 0.10. Wani magani kuma, tanezumab, wanda yake toshe sinadarin da kumburi yake amfani da shi wajen tsananta jin zafi, ya rage zafin ƙwarai, amma gaɓoɓin wasu suka rushe da sauri, aka dakatar da aikinsa cikin 2021. Kwantar da zafi daban, kare gaɓa daban.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a garuruwanmu ba wuya mai ciwon gwiwa ya sayi diklofenak ko aibufurofen ko firednisolon a kemis ba tare da takardar likita ba, ya yi ta sha wata da watanni. Na farko da na biyu suna hana jiki ƙera furostagilandin, kamar yadda John Vane ya bayyana game da asfirin cikin 1971, shi ya sa suke aiki, amma a jikin tsoho suna iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda da hawan jini, kuma na shafawa ya fi aminci ga gwiwa da hannu. Na ukun kuwa, idan aka daɗe a kansa, yana tayar da sukari ya kuma raunana ƙashi.

Abin da ya fi kowane tabbata har yanzu shi ne motsa jiki da rage ƙiba, kuma shi ma ta ƙofa biyu yake shiga. Stephen Messier ya auna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. A gwajinsa na 2013 a kan mutum 454 na tsawon wata 18, waɗanda suka rage abinci an ga IL-6 ya sauka a jininsu, waɗanda suka haɗa da motsa jiki kuma su suka fi samun sauƙin zafi. Cikin 2024 aka buga sakamakon gwajin semagulutaid, allurar rage ƙiba, a kan mutum 407 masu amosanin gwiwa har mako 68: nauyinsu ya ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari, zafi kuma ya sauka fiye da na waɗanda aka yi wa allurar wofi. Sai dai gwiwa ba za ta iya raba mana gardamar ko sauke nauyi ne ya yi aikin ko kwantar da kumburi ba, tunda duka biyun sun same ta a lokaci guda. Yatsun hannu ne za su iya, domin su ba abin da aka sauke musu.